Lantarki, ƙwayoyi ko ketamin: wanne ya dace da ciwon damuwa mai tsanani?

Idan ciwon damuwa ya kai matakin da mutum ya daina ci da sha, ya daina magana, ko ya fara shirin halaka kansa, likitan ƙwaƙwalwa kan ajiye wa iyalansa zaɓi a gaba: a ci gaba da ƙwayoyin magani, a canja su, a gwada ketamin (wani maganin barcin tiyata), ko a yi jinyar lantarki, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ECT. Da zarar an ambaci lantarki, yawancin iyalai kan ja da baya, kuma ban ga laifinsu ba. Sai dai wannan zaɓi ya fi ƙarfin a bar wa tsoro shi. Abin da zai taimaka shi ne a san me kowace hanya ke yi wa ƙwaƙwalwa, cikin kwana nawa take yinsa, kuma me mara lafiya zai rasa a dalilinta.

Ƙwayoyin jijiyar da ke cikin ƙwaƙwalwa sun kai kimanin biliyan 86, kuma akasarin saƙon da ke tsakaninsu ta hanyar sinadari yake wucewa. Tsakanin ƙwaya da ƙwaya akwai 'yar rata. Idan saƙo ya iso bakin ta farko, sai ta fesa sinadari cikin ratar, ya haye ya zauna a kan makarɓan da ke jikin ta biyu, daga nan a zuƙe shi a mayar ko a narkar da shi. Gulutamet shi ne mai zuga ƙwayoyin su yi aiki, GABA kuma shi ke kwantar da su. Waɗannan biyu su ke ɗauke da mafi yawan zirga-zirgar. Sirotonin da noradirenalin da dofamin ba su kai su yawa ba, amma suna da hannu a barci, sha'awar abinci, kuzari da jin daɗin rayuwa.

A kan waɗannan na ƙarshe ƙwayoyin maganin damuwa suke aiki. Imifiramin, wanda likitan Suwizalan Roland Kuhn ya ba da rahoton amfaninsa a 1957, da fuloksetin da aka amince da shi a Amurka a ƙarshen 1987, da sauran danginsu, dabara ɗaya suke bi: suna hana ƙwayar jijiya sake zuƙe sinadarin da ta fesa, kamar wanda ya toshe magudana domin ruwa ya daɗe a kwance. Toshewar tana faruwa cikin sa'o'i kaɗan da haɗiyar ƙwayar farko, amma mara lafiya ba ya jin sauƙi sai bayan mako biyu zuwa shida. Ɗaya daga cikin dalilan jinkirin shi ne ƙwayoyin da ke samar da sirotonin suna da nasu makarɓan da ke auna yawan abin da suka fitar, kuma da sun ji ya yi yawa sai su rage fesawa. Sai an shafe makonni waɗannan makarɓai sun dakushe kafin sirotonin ya ƙaru sosai a inda ake buƙata. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa maganar da ake yawan yi, wai ciwon damuwa ƙarancin sirotonin ne kurum, ba ta cika ba. Da haka abin yake, da an warke tun ranar farko.

Ga mafi yawan masu ciwon damuwa, ƙwayoyi tare da zaman tattaunawa da ƙwararre su ne mafari, kuma sun isa. Ba sa buƙatar kwanciya asibiti, ba sa goge wa mutum abin da ya sani. Illolinsu sanannu ne: tashin zuciya a makonnin farko, raunin sha'awar aure, ƙiba ga wasu, da jiri da rashin natsuwa idan aka daina su farat ɗaya. Iyakarsu ma sananniya ce. A babban binciken Amurka mai suna STAR*D, wanda sakamakonsa ya fito a 2006, kusan mutum ɗaya cikin uku ne ya warke sarai da maganin farko. Waɗanda suka gwada magani biyu ba su dace ba, damar warkewarsu a gwaji na uku da na huɗu ta faɗi ƙasa da kashi 15 cikin ɗari. Kowane gwaji kuma yana cin makonni. Wanda ya daina shan ruwa ba shi da waɗannan makonnin.

Jinyar lantarki ta girmi duk waɗannan ƙwayoyi. A 1934 wani likitan Hungari, Ladislas Meduna, ya fara tayar wa marasa lafiya farfaɗiya da gangan ta hanyar allurar kafur. A 1938 Ugo Cerletti da Lucio Bini suka yi hakan da lantarki a birnin Rum. A wancan zamani mutum ido biyu ake yi masa, jikinsa ya yi ta jijjiga har ƙashin baya ya tsage ga wasu. Mummunan sunan da jinyar ke da shi daga nan ya samo asali, kuma suna ne da ta cancanta a lokacin. Tun daga shekarun 1950 aka shigo da allurar barci da maganin sakin tsoka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a daina yin ta ba tare da su ba. Duk asibitin da zai yi ta a yau babu likitan barci a ɗakin, kada a yarda.

Ga yadda ake yin ta bisa ƙa'ida. Mara lafiya zai zo bai ci komai ba na sa'o'i da yawa. Za a sa masa allurar barci ta jijiya, a ba shi iskar oksijin, a sa masa roba tsakanin haƙora. A asibitoci da dama ana ɗaura abin awon jini a idon sawu ɗaya a hura shi kafin a ba da maganin sakin tsoka, domin kada maganin ya isa wannan ƙafar. Sai a ɗora ƙarafa biyu a kai, a saki wutar da ba ta kai amfiya ɗaya ba na 'yan daƙiƙoƙi. Jikin yana kwance lamo, yatsun ƙafar nan ɗaya ne kawai ke motsi, su da layin da na'urar awon ƙwaƙwalwa ke zanawa a takarda, wanda zai yi ta hawa da sauka da ƙarfi na kimanin daƙiƙa 20 zuwa 60, sannan ya kwanta. Bayan mintuna kaɗan mutum ya farka, sau da yawa da ciwon kai da ɗan ruɗewa. Ana maimaitawa sau biyu ko uku a mako, jimilla yawanci sau 6 zuwa 12.

A cikin wannan minti guda, ƙwayoyin jijiya masu ɗimbin yawa suna harbawa tare a lokaci ɗaya, don haka kusan kowane sinadarin saƙo yana kwarara: gulutamet, noradirenalin, sirotonin, dofamin, asetilkolin. Har a jini ana ganin alamar. Sinadarin furolaktin yana ninkawa sau da yawa cikin mintuna, kotizol ya hau, bugun zuciya ya ɗan yi sanyi na daƙiƙoƙi sannan ya yi sauri, hawan jini ya tashi. Bambancin farko da ƙwayoyin magani ke nan: su sinadari ɗaya ko biyu suke taɓawa a hankali, ita kuwa dukkansu take tasowa a lokaci guda. Amma wannan ambaliya cikin mintuna ko sa'o'i take janyewa, alhali sauƙin da mara lafiya ke samu yana taruwa ne zama bayan zama. Shi ya sa hankalin masana ya koma kan abin da ƙwaƙwalwa ke yi domin ta kashe farfaɗiyar.

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi jan hankalina. Farfaɗiyar ba wutar ce ke tsayar da ita ba, domin an riga an kashe wutar tun daƙiƙoƙin farko. Ƙwaƙwalwa ce da kanta ke taka birki, ta hanyar GABA da adinosin da wasu sinadaran kwantarwa. Kuma kowane zama yana ƙara wa birkin ƙarfi, har ya zama a zama na takwas ko na goma likita kan buƙaci ƙarin wuta kafin farfaɗiya ta tashi, fiye da abin da ya isa a zama na farko. Wato jinyar da ke tayar da farfaɗiya ita ce kuma ke sa ƙwaƙwalwa ta ƙara jure mata. Harold Sackeim na Jami'ar Columbia da ke New York da abokan aikinsa su suka fi tsayawa a kan wannan bayani tun shekarun 1980. Likitoci sun kuma lura cewa idan layin takardar nan ya kwanta shimfiɗe farat ɗaya bayan farfaɗiyar, alama ce mai kyau cewa jinyar za ta yi amfani. A 2003 Gerard Sanacora da tawagarsa a Jami'ar Yale suka auna GABA a ɓawon ƙwaƙwalwar wani ƙaramin rukunin marasa lafiya, suka tarar ya kusan ninkawa bayan kammala jinyar. Wasu binciken da suka biyo baya ba su ga irin wannan ƙaruwa ba, don haka GABA ba shi kaɗai ba ne a maganar. Amma akwai abin amfani a nan ga mai jinya: magungunan da ke ƙarfafa GABA, irin su diyazefam da lorazefam, da magungunan farfaɗiya, suna iya dakushe jinyar. Lallai likita ya san duk abin da mara lafiya ke sha kafin a fara.

Game da noradirenalin, hanyoyin biyu sun haɗu a wuri ɗaya. A 1975 Jerzy Vetulani da Fridolin Sulser suka nuna a jikin ɓeraye cewa ƙwayoyin maganin damuwa da jinyar lantarki duk suna rage kaifin amsar da ƙwaƙwalwa ke ba wa noradirenalin idan an daɗe ana yi. Game da sirotonin kuwa sun rabu: a ɓeraye jinyar lantarki tana ƙara yawan wani nau'in makarɓan sirotonin da ƙwayoyin magani da yawa ke ragewa, yayin da hoton ƙwaƙwalwar mutane ya nuna raguwarsu. Darasin da na ɗauka daga wannan saɓani shi ne kada a ɗauki jinyar lantarki a matsayin ƙwayar magani mai ƙarfi da sauri. Hanya ce ta daban, kuma shi ya sa take iya yin aiki a jikin wanda ƙwayoyi suka gaza. Dofamin ma yana da nasa rabon. Masu cutar Parkinson, wadda asalinta mutuwar ƙwayoyin dofamin ne, idan aka yi musu jinyar saboda damuwa, sau da yawa sandarewar jikinsu da nauyin tafiyarsu suna sassautawa na wani lokaci. Wannan ya yi daidai da abin da ake gani a masu damuwar da jikinsu ya yi nauyi, maganarsu ta koma ɗaiɗai: su ne cikin waɗanda suka fi amfana.

Akwai kuma abin da ke faruwa bayan sinadaran sun lafa. Maimaita farfaɗiyar yana ƙara samar da wani furotin mai suna BDNF wanda ke ciyar da ƙwayoyin jijiya su fitar da sababbin rassa, kuma hotunan MRI sun nuna sashen ƙwaƙwalwa da ake kira hifokamfas, mai hannu a riƙe abin da aka koya, yana ƙara girma bayan jinyar. Sai dai girman da ya ƙara ba ya tafiya daidai da yawan sauƙin da mutum ya samu.

Wani abu da iyalai ba su cika sani ba shi ne jinyar lantarki ba iri ɗaya ba ce. Ana iya ɗora ƙarafan a gefe biyu na kai, ana iya ɗora su a ɓangaren dama kawai. A binciken da Sackeim ya wallafa a 1993, waɗanda aka yi wa ta ɓangaren dama da wuta 'yar kaɗan sun yi cikakkiyar farfaɗiya, amma kashi 17 cikin ɗari ne kawai suka amfana, alhali waɗanda aka yi wa ta gefe biyu sun haura kashi 60. Ashe farfaɗiyar ita kaɗai ba ta isa ba, sai an duba inda wutar ta bi da yawanta. Ta gefe biyu ta fi sauri, ta kuma fi taɓa tunani. Ta ɓangaren dama, idan aka ba da isasshiyar wuta, amfaninta yana kusantar na gefe biyu da ƙarancin mantuwa, musamman idan aka yi amfani da gajeren bugun wuta. Tambaya ce da ya dace a yi wa likita kai tsaye: wace iri za ku yi, kuma me ya sa?

Mantuwa ita ce babban abin da jinyar ke karɓa, kuma ba na son a raina ta. Iri biyu ce. Wahalar riƙe sabon abu a lokacin jinyar takan wuce cikin mako biyu ko makamancin haka bayan zaman ƙarshe. Amma akwai gogewar abubuwan da suka riga suka faru, musamman na makonni da watannin da ke kusa da jinyar, wani lokaci har na shekarun baya. Wasu suna dawowa, wasu ba sa dawowa. Wani nazari da aka wallafa a Ingila a 2003, wanda ya tattara abin da marasa lafiya suka faɗa da bakinsu, ya nuna aƙalla ɗaya cikin uku na kukan mantuwa mai ɗorewa. Uwar da ta kasa tuna ranar da ta haifi ɗanta na ƙarshe ta yi asara ta gaske, ko da ciwon ya warke. Wajibi ne a faɗa wa mara lafiya wannan ƙarara kafin ya sa hannu. Haɗarin mutuwa kuwa kaɗan ne, kimanin biyu cikin kowane zama 100,000, kusan daidai da na ƙaramar tiyata da allurar barci. Mai ciwon zuciya, ko wanda ya yi shanyewar jiki kwanan nan, ko mai ƙari a ƙwaƙwalwa, yana buƙatar bincike na musamman tukuna.

Abin da take bayarwa a madadin haka shi ne sauri da ƙarfi. Nazarin da mujallar Lancet ta buga a 2003 ya tabbatar da cewa ta fi jinyar bogi, wato allurar barci ba tare da wutar ba, ta kuma fi ƙwayoyi a gajeren lokaci. A wani binciken asibitocin Amurka da Charles Kellner ya jagoranta, cikin waɗanda suka zo da ƙudurin kashe kansu, kashi 38 cikin ɗari ƙudurin ya gushe bayan mako ɗaya, kashi 61 bayan mako biyu, kusan kashi 81 a ƙarshen jinyar. Babu ƙwayar haɗiya da ke yin haka.

Ketamin shi ne ya zo ya yi gogayya da ita a fagen sauri. Tsohon maganin barcin tiyata ne, kuma a 2000 masu bincike a Yale suka nuna cewa ɗan kaɗan daga cikinsa ta jijiya yana ɗaga damuwa cikin sa'o'i. Yana toshe makarɓan gulutamet da ake kira NMDA, ciki har da waɗanda ke jikin ƙwayoyin GABA, sai birki ya ɗan saki, gulutamet ya kwarara na ɗan lokaci, BDNF ya ƙaru, sababbin mahaɗai su tsiro. Ta wata ƙofa ya shigo, amma ya isa kusa da inda jinyar lantarki ke isa. A 2019 Amurka ta amince da ɗan'uwansa esketamin na fesawa a hanci. An gwada su biyun fuska da fuska, kuma sakamakon ya dogara da irin marasa lafiyar. A Suwidin, cikin waɗanda ke kwance a asibiti, binciken da aka wallafa a 2022 ya nuna kashi 63 cikin ɗari sun warke da lantarki, kashi 46 da ketamin. A Amurka a 2023, cikin mutane 403 da akasarinsu daga gida suke zuwa kuma babu mai ruɗewar hankali a cikinsu, kashi 55 sun samu sauƙi da ketamin, kashi 41 da lantarki. A ganina binciken biyu ba su ƙaryata juna ba. Ga mai matsakaicin shekaru da ƙwayoyi suka gaza masa amma yana kan ƙafafunsa, wanda kuma aikinsa ya rataya a kan tunaninsa, ketamin zaɓi ne mai kyau a fara da shi. Ga tsoho, ko wanda ke kwance, lantarki ya fi. Ketamin yana sa mutum ya ji kamar ya fita daga jikinsa na sa'a ɗaya ko biyu, yana ɗaga hawan jini, amfaninsa yana gushewa cikin kwanaki idan ba a maimaita ba, ana iya kamuwa da jarabarsa, kuma yawan amfani da shi yana lalata mafitsara. A asibiti kawai ya kamata a ba da shi, ƙarƙashin idon likita.

Akwai kuma jinyar maganaɗisu, TMS, wadda Amurka ta amince da ita a 2008. Babu allurar barci, babu farfaɗiyar gangan, babu mantuwa. Mutum zai zauna a kujera a riƙa buga wa gaban kansa maganaɗisu kwana biyar a mako har mako huɗu zuwa shida. Ta dace da wanda magani ɗaya ko biyu suka gaza masa kuma yana da lokacin jira. Ba ta kai lantarki ƙarfi ba a ciwo mai tsanani.

Akwai halaye uku da zan ce kada a ɓata lokaci a cikinsu. Na farko, damuwar da ta haɗu da ruɗewar hankali, inda mutum ya yi imani hanjinsa ya ruɓe, ko cewa shi ne sanadin wata masifa da ba ta da alaƙa da shi. Irin waɗannan sun fi kowa amfana da lantarki, ketamin kuma ba a cika ba su shi ba domin yana iya ƙara ruɗewar. Na biyu, sandarewar da likitoci ke kira katatoniya: mutum ya ƙame ido buɗe, ba magana, ka ɗaga masa hannu ya bar shi a sama yadda ka ajiye. Ana fara gwada lorazefam, wanda ke ƙarfafa GABA, idan bai yi ba cikin 'yan kwanaki sai a koma lantarki, kuma mafi yawa suna tashi. Na uku, wanda ya daina ci da sha ko yake dab da halaka kansa. Wannan a kai shi asibiti a ranar, zaɓin hanya ya biyo baya. Mace mai ciki ma ana iya yi mata jinyar idan ciwon ya tsananta, tare da sa idon likitan mata.

Duk wanda ya zaɓi lantarki ya sani cewa bai rabu da ƙwayoyi ba. Canjin da jinyar ke kawo wa sinadaran ƙwaƙwalwa ba ya zama daram da kansa, birkin nan da ya ƙara ƙarfi yana komawa yadda yake cikin watanni. A binciken da Sackeim ya wallafa a 2001, cikin waɗanda suka warke da lantarki aka bar su da ƙwayar bogi, kashi 84 cikin ɗari ciwon ya dawo musu cikin wata shida. Waɗanda aka ba ƙwayar maganin damuwa mai suna notiriftilin kaɗai, kashi 60. Waɗanda aka haɗa musu shi da litiyam, wani maganin daidaita yanayin rai, kashi 39. Mafi yawan komawar a makonnin farko take faruwa. Saboda haka tun kafin zama na farko ya kamata iyalai su ji daga bakin likita wane magani za a ɗora mara lafiya a kai ranar da aka gama, ko za a ci gaba da zaman lantarki jefi-jefi, daga sau ɗaya a mako har zuwa sau ɗaya a wata. Idan litiyam ne, a tambayi yaushe za a fara shi, domin haɗa shi da zaman lantarki yana ƙara ruɗewa ga wasu, kuma a san cewa yana buƙatar gwajin jini a kai a kai domin auna yawansa da duba lafiyar ƙoda da ta gaɓar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo.